Darasi: Lambar Asusun Ma'aikata da Dalilan Jinkirinta Bayan Ƙaura

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai karatu ya iya:

1. faɗin ma'anar lambar asusun kariyar ma'aikata da amfaninta;
2. jera takardun da ake bi ɗaya bayan ɗaya kafin a kai ga lambar;
3. gane abubuwan da ke sa takardun baƙo su maƙale a ofis;
4. lissafa asarar da ma'aikaci ke yi idan aka jinkirta yi masa rajista;
5. sanin abin da ya kamata a yi kafin tafiya, da kuma lokacin jira.

1. Mece ce wannan lamba?

Lambar asusun kariyar ma'aikata lamba ce da hukuma ke bai wa mutum ɗaya tak, kuma a ƙa'ida ba ta canjawa muddin yana raye. Duk wata ana cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa kason, a zuba cikin asusu guda. Daga wannan asusu ake biyan fansho idan tsufa ya zo, a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki, a tallafa wa iyali, a kuma bai wa matar mamaci da marayunsa abin da doka ta tanada. Tunda mutane dubbai na iya ɗaukar suna iri ɗaya, da lamba ake gane kuɗin wane ne wannan.

> Akwatin ma'ana
> Asusun kariyar ma'aikata: taskar kuɗi ta hukuma da ma'aikata da masu ɗaukar aiki ke zuba wa kaso, don ranar tsufa, rauni ko rasuwa.
> Rajista: shigar da sunan mutum da bayanansa cikin kundin hukuma.
> Lambar rajista: lambar da mutum ke samu bayan an shigar da shi cikin kundin.

Kowace ƙasa da nata tsarin. A Nijar hukumar CNSS, wadda aka kafa a 1965, ita ke riƙe da asusun ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi da sauran masu zaman kansu. A Amurka an sa hannu kan dokar asusun a 1935, aka fara raba lambobi a 1936. A Najeriya lambar da baƙo ya fi cin karo da buƙatarta ita ce NIN, lambar shaidar mutum. Ita ba lambar fansho ba ce, amma ba a buɗe asusun fansho sai da ita.

2. Su wa abin ya shafa?

Ƙidayar 2012 ta nuna cewa a jihar Maraɗi ta Nijar, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya. Da an gama girbi, an ɗaure damman gero an kai rumbu, samari da magidanta kan ɗauki jaka su tafi biɗa. Na Korgom da Hawan Dawaki da Bawdeta, da iyaka ke kusa da su, sun saba da hanyar Katsina da Daura da Kano, wasu har Legas. Wasu daga Urafan, Kanan Bakashe ko Gidan Amumun kan nufi arewa, su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Ƙalilan, galibi ɗalibai da masu bin iyali, kan kai Faransa ko Amurka.

Mai tallar shayi ko gadin gida na wata uku yana iya zuwa ya dawo ba wanda ya tambaye shi lamba. Matsalar na tasowa ranar da ya so sayen layin waya da sunansa, ko buɗe asusun banki, ko kama aikin albashi a kamfani. A ranar ne ake ce masa ya kawo lamba, ya je nema kuma a ce ya dawo bayan mako biyu, mako biyu su zama wata uku.

Abin ya shafi masu shigowa ma: ma'aikacin da ya zo daga wata ƙasa ya kama aiki a jihar Maraɗi, da yaran da aka haifa wa ƴan Nijar a waje aka dawo da su gida, da dubban ƴan gudun hijirar Sakkwato, Zamfara da Katsina da suka tsallako jihar tun daga 2019.

3. Takarda ke haifar takarda

Babu ofishin da ke ba da lamba a kan maganar baki. Sai ya ga takarda, ita ma takardar wata ce ta haife ta. Ga ɗan Nijar jerin yana tafiya haka: takardar haihuwa ce farko, da ita kotu ke ba da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da waɗannan ake yin katin ɗan ƙasa da fasfo, da fasfo ko kati ake neman izinin zama a ƙasar da aka sauka, sai a ƙarshe a zo ga lamba. Idan ta farko babu, ko tana da kuskure, kuskuren kan bi jerin har ƙarshe, ya je ya tare mutum a gaban tagar wani ofis mai nisan dubban kilomita daga garinsu.

> Akwatin ma'ana
> Sanar da haihuwa: zuwa wurin da hukuma ta keɓe a faɗi cewa an haifi yaro, a rubuta.
> Takardar haihuwa: takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an sanar da haihuwa cikin wa'adi.
> Jijman: hukuncin alƙali da ke tsayawa a matsayin takardar haihuwa ga wanda wa'adi ya wuce shi.

Dokar Nijar mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 don sanar da haihuwa. Wa'adin tsohuwar dokar 2007 ya fi wannan gajarta. Ana sanarwa a likita ko gidan haihuwa inda aka haihu, ko a cibiyar sanarwa ta ƙauye, daga nan takardar ta wuce ma'aikatar magajin gari. Sanarwa cikin wa'adi kyauta ce. Wanda ya bari kwanakin suka wuce sai ya je kotu, a Tasawa ko a Mayahi, da shaidu, ya nemi jijman, da kuɗin mota da ɓata yini. Lokaci zuwa lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi zama a fili su ba mutane da yawa jijman a rana ɗaya, kuma duk wanda ba shi da takarda bai kamata irin wannan zama ya wuce shi ba.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya gano cewa kashi 64 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa, kuma karkara ta fi birni ƙaranci. Yaran da aka bari a wancan lokaci su ne ke kai shekarun tafiya biɗa yanzu.

*Misali na 1.* A ɗauka an haifi yarinya a wani ƙauyen Maijirgi ranar 10 ga Maris. Yaushe kwana 60 ke cika? Daga 10 zuwa 31 ga Maris kwana 21 ne. Afrilu na da kwana 30, ya zama 51. Saura 9. Ke nan wa'adi na cika ranar 9 ga Mayu. Bayan an raɗa suna a rana ta bakwai, uban yarinya na da sauran kwanaki sama da hamsin, wato kasuwar mako bakwai za ta ci kafin lokaci ya ƙure. Tun ran gini ran zane.

4. Suna da ranar haihuwa: inda aka fi maƙalewa

A yau ba mutum ne ke fara duba takardun baƙo ba, kwamfuta ce. Ma'aikaci ya shigar da suna da ranar haihuwa, na'urar ta gwada su da abin da ke cikin kundin hukumar shige da fice. Idan sun dace harafi da harafi, aiki ya wuce nan take. Idan harafi ɗaya ya saɓa, sai a ware takardar a ajiye ta cikin layin waɗanda mutum zai bincika da hannu. Wannan layi shi ne mafi tsawo, kuma yawancin dogon jinkiri daga nan yake farawa.

> Akwatin ma'ana
> Tantancewa: gwada bayanan da mutum ya kawo da waɗanda ke cikin wani kundin hukuma, don a tabbata mutum ɗaya ne.
> Saɓani: bambanci tsakanin takardu biyu na mutum ɗaya, a suna, ranar haihuwa ko wurin haihuwa.

Mutanen wannan yanki na da dalilai uku na musamman da ke jawo musu saɓani.

Na farko shi ne rubutun suna. Ofisoshin Nijar na rubuta sunaye da ƙa'idar Faransanci, na Najeriya da ta Ingilishi. Wanda takardar haihuwarsa ta ce Issoufou, a Kano za a rubuta masa Yusuf ko Yusufu. Oumarou ya koma Umar, Ousmane ya koma Usman, Hadjara ta koma Hajara. A cikin Nijar ɗin ma, suna ɗaya na iya fitowa Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a takardar lakwal, Mohamed a fasfo. A kunnen Bahaushe duk suna ɗaya ne, kuma gaskiyarsa. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Wanda bai iya karatu ba ya fi shiga wannan hatsari, domin faɗin sunansa yake yi da baki, ma'aikaci ya rubuta yadda ya ji, ya karɓi takarda ya naɗe ya sa aljihu ba tare da ya san abin da ke ciki ba.

Na biyu shi ne jerin sunaye. A ƙasar Hausa mutum na amsa sunansa ne da na mahaifinsa, wani lokaci a ƙara na kaka. Takardun Turai da Amurka suna da gurbi biyu: sunan yanka da sunan dangi da ake gada. Wani ma'aikaci ya sa sunan uba a gurbin dangi, wani ya sa na kaka, wani ya juya su gaba ɗaya. A ƙara da laƙabi: mutumin da duk gari ya sani da Ɗanjuma ko Tanko ko Ɗanladi, alhali sunan da ke takardarsa daban ne. Matar aure kuma wani wuri a rubuta ta da sunan mahaifinta, wani wuri da na mijinta.

Na uku shi ne ranar haihuwa. Dattawa da magidanta da yawa da suka yi jijman suna riƙe da takarda mai cewa *né vers*, wato an haife shi wajajen shekara kaza, babu wata babu rana. Na'ura ba ta karɓar gurbi babu komai, saboda haka wani ofis ya cike da 1 ga Janairu, wani da 31 ga Disamba. Akwai kuma waɗanda aka rage wa shekaru a jijman don a samu shigar da su makaranta, daga baya suka faɗi shekarunsu na gaskiya a wani ofis. Duka biyun saɓani ne.

*Misali na 2.* A ɗauka wani magini daga Sarkin Hausa yana da takardu uku. Jijman ɗinsa ya ce an haife shi wajajen 1988. Katin ɗan ƙasa ya ce 01/01/1988. Takardar da aka cike masa a ƙasar da ya sauka ta ce 1990, don haka ya faɗa da baki. Biyun farko ba su saɓa wa juna a shekara ba. Ta ukun ce za ta tsayar da shi. Da ya miƙa katinsa ya ce a kwafa daga ciki, da bai shiga layin bincike ba. Ƙa'idar ita ce: a zaɓi takarda mafi tushe, wato ta haihuwa ko jijman, duk sauran su bi ta harafi da harafi, ko da rubutun bai yi wa mai sunan daɗi ba.

Yatsu ma kan jawo tsaiko. Inda ake ɗaukar zanen yatsu goma, na'ura kan kasa karanta hannun da fartanya ko siminti ya cinye, haka ma hannun da aka yi wa ƙunshin lalle mai kauri. Mace mai shirin zuwa rajista gara ta dakata da lalle har ta dawo.

5. Wanda ya sauka a Najeriya

Hukumar NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa, ita ke ba da NIN, lamba mai alƙaluma 11. A watan Disamba 2020 gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da NIN. Ofisoshin rajista suka cika maƙil, mutane na kama layi tun asuba, daga baya aka toshe layukan waya da yawa da ba a haɗa ba. Ɗan ci-rani da wayarsa ce hanyar jin labarin gida da aika kuɗi ya ji wannan a jikinsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wani jinkirin doka ce da kanta ta sa shi. Dokar NIMC ta ce waɗanda ake yi wa rajista su ne ɗan ƙasa, da mai izinin zama na dindindin, da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida na shekara biyu ko fiye. Wanda ya zo cin rani na wata huɗu ba ya cikin waɗannan. Wanda ya daɗe kuma sai ya nuna shaidar cewa zamansa na halal ne. Shi ya sa yake da kyau ɗan Nijar da ya yi niyyar zama ya yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Kano, ya karɓi katin jakadanci, sannan ya nemi takardar zama daga hukumar shige da fice.

Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) ta 1979 ta bai wa ƴan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso, amma a lokacin CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunan ƴan ƙasashen uku har sai an ba da wata sanarwa. Irin wannan tsari na iya sauyawa, don haka mai tafiya ya tambayi halin da ake ciki kafin ya hau mota.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi: su ce su ƴan wata ƙaramar hukumar Katsina ko Jigawa ne, a yi musu rajista a matsayin ƴan ƙasa. Abin na da sauƙin faɗa, domin harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, wani kakarsa ma can take. Amma ba da bayanin ƙarya laifi ne a doka, kuma zanen yatsu ba ya mantuwa. Mutum ya wayi gari da suna biyu, ƙasa biyu, ranar haihuwa biyu, duk a kan yatsu guda. Ranar da ya nemi biza ko ya tashi karɓar haƙƙinsa, warware wannan ƙulli ya fi jiran farko wuya da tsada. Wanda da gaske yake da iyaye a ɓangarorin biyu yana da hanyar halal, tunda dokar Nijar ta amince da riƙe ƙasa biyu tun 2014.

6. Faransa da Amurka

Lambar Faransa na da alƙaluma 13 da wasu 2 na tabbatarwa. Na farko yana nuna jinsi, 1 ga namiji, 2 ga mace. Na gaba su nuna shekara da watan haihuwa. Sannan wurin haihuwa, inda ake sa 99 ga duk wanda aka haifa a waje. Wanda aka haifa a Faransa tun yana jariri ake yanka masa lamba. Baƙo kuwa sai an aika takardar haihuwarsa da shaidar kansa zuwa wani sashe na musamman mai suna SANDIA a tantance. Kafin a gama ana ba shi lambar wucin gadi, kuma jiran ta dindindin kan ɗauki watanni. Takardar da ta goge, ko hatiminta bai fito ba, ko sunan ciki ya saɓa da na fasfo, maido ta ake yi. Sauƙin da ɗan Nijar ke da shi shi ne takardunsa da Faransanci suke, ba sai an fassara ba.

A Amurka lambar na da alƙaluma 9, kuma neman ta kyauta ne. Hukumar asusun ba ta ba baƙo lamba sai ta tantance izinin zamansa a kundin hukumar shige da fice. Shi ya sa ake shawartar sabon zuwa ya bari kamar kwana 10 su wuce kafin ya je nema, don labarin shigowarsa ya isa cikin na'ura. Idan komai ya dace, kati kan zo cikin kusan mako biyu. Idan sai an bincika da hannu, a ƙara makonni. Wanda ya shigo da bizar zama na dindindin yana iya neman lambar tun a takardar neman biza, kuma idan mako uku suka wuce bai ga kati ba, ya tuntuɓi hukumar. Ta gidan waya ake aiko katin, zuwa adireshin da mutum ya bayar. Baƙon da ya sauka gidan wani ɗan gari, bayan mako ɗaya ya koma wani gidan, ko sunansa ba ya jikin akwatin wasiƙa, katinsa na iya komawa inda ya fito shi kuwa yana zaune yana jira.

7. A gida: rajistar CNSS

A Nijar nauyin yi wa ma'aikaci rajista a CNSS yana wuyan wanda ya ɗauke shi aiki ne, ɗan ƙasa ne ma'aikacin ko baƙo. Baƙo dai yana da ƙarin mataki, domin kwangilar aikinsa sai hukumar samar da aiki ta ANPE ta sa mata hannu. Ma'aikaci na kawo takardar haihuwarsa, idan kuma yana neman tallafin iyali ya haɗa da takardar aure da ta haihuwar ƴaƴa. A nan waɗanda suka dawo daga waje ke tsayawa: an ɗaura aure a masallaci ba a rubuta ba, an haifi yara a Kano ko Sabha ta Libiya ba a kai sunansu ofishin jakadanci ba. Sai an bi kotu an gyara kafin tallafi ya fara fita.

> Akwatin ma'ana
> Kason ma'aikaci: kashi 5.25 cikin 100 na albashi, ana cirewa don fansho.
> Kason mai ɗaukar aiki: kashi 16.4 cikin 100, wato 8.4 na tallafin iyali, 1.75 na haɗarin aiki, 6.25 na fansho.

*Misali na 3.* A ɗauka wani direba ya dawo daga Libiya ya kama aiki da albashin jika 60 a wata, wato sefa 60,000. Kasonsa: 60,000 × 5.25 ÷ 100 = 3,150, wato jika 3 da dala 30. Kason maigidansa: 60,000 × 16.4 ÷ 100 = 9,840. Idan aka yi wata 8 ana cire masa kaso amma ba a yi masa rajista ba, an karɓe masa 3,150 × 8 = 25,200, ga kuma 9,840 × 8 = 78,720 da ya kamata a zuba dominsa. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Da yawan watannin da aka zuba ake lissafa fansho, kuma idan mota ta kife da shi cikin waɗannan watanni, zai sha wuya kafin ya tabbatar da haƙƙinsa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa baƙo ko ma'aikaci laifin kowane jinkiri. Akwai ofis mai ma'aikaci ɗaya da jama'a ɗari a ƙofa, akwai ɗaukewar wuta da yankewar intanet, akwai kuma mai ɗaukar aiki da ke jan ƙafa da gangan don kada ya biya kasonsa. Wannan na ƙarshe cin haƙƙi ne, kuma ma'aikaci na da damar zuwa ofishin CNSS na Maraɗi ya bincika ko sunansa na cikin kundi, ya kuma kai ƙara wurin sufeton aiki.

8. Kafin tafiya da lokacin jira

Mai shirin tafiya ya shimfiɗa takardunsa duka a gaban wanda ya iya karatu, a gwada suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Gyara a Tasawa ko Mayahi, inda shaidu da mai gari ke kusa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyara daga ƙetare. Ya yi kwafi a buga masa hatimin hukuma, ya ɗauki hoton kowace takarda a waya, ya bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ya amince da shi. Masu bin hanyar hamada su fi kowa kula da wannan, domin da yawa daga waɗanda ake korowa daga Aljeriya ta Asamaka kan iso hannu rabbana.

Bayan an miƙa takardu a ofis, a karɓi rasit, a adana shi kamar kuɗi: shi ne shaidar ranar da aka nema. A koma a bincika idan wa'adin da aka faɗa ya cika. Kada a sake yin sabuwar rajista a wani ofis don gaggawa, domin rajista biyu kan toshe juna. Kada a yi aiki da lambar ɗan'uwa ko aboki. Duk abin da aka zuba, asusun mai lambar yake shiga. A yi hattara da ƴan tsakiya masu cewa a kawo kuɗi su fito da lamba gobe. A wasu ƙasashe, ciki har da Amurka, wanda ke da izinin aiki yana iya fara aiki yana jiran lambar, muddin ya nuna shaidar cewa ya nema.

Tambayoyin bita

1. Mene ne amfanin lambar asusun kariyar ma'aikata? A kawo abu uku da asusun ke biya.
2. A jera takardu biyar da ake bi daga haihuwa har zuwa samun lamba a ƙasar waje.
3. Kwana nawa dokar 2019 ta bayar don sanar da haihuwa? Me ake yi idan sun wuce?
4. An haifi yaro ranar 20 ga Yuni. Wace rana wa'adin sanarwa ke cika?
5. A bayyana dalilai uku da ke jawo saɓani a takardun mutanen wannan yanki.
6. Su wa dokar Najeriya ta yarda a yi wa rajistar NIN? Wace matsala ke jiran wanda ya ba da bayanin ƙarya?
7. Me ya sa ake shawartar sabon zuwa Amurka ya ɗan dakata kafin ya nemi lamba?
8. Ma'aikaciya na karɓar sefa 80,000 a wata. Nawa ne kasonta na CNSS? Nawa ne na wanda ya ɗauke ta aiki? Nawa aka cire mata cikin wata 6?
9. A faɗi abu uku da bai kamata mai jiran lamba ya yi ba.

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya tattaro takardun mutanen gidansa, ya rubuta a littafinsa sunan kowa da ranar haihuwarsa yadda suke a kowace takarda, ya ja layi ƙarƙashin duk inda suka saɓa. Ya kuma rubuta sunayen yaran gidan da ba su da takardar haihuwa, ya zo da jerin a zama na gaba domin malami ya taimaka a kai shi ma'aikatar magajin gari.